Kwamfutar da Walter Ya Sayo Daga Holand

Duk wanda ya taɓa hawa bas daga Turnhout zuwa Tilburg a shekarun baya ya san Walter Dockx, ko da bai san sunansa ba. Shi ne direban nan mai faɗin kafaɗa wanda ba ya amsa gaisuwa sai da haɓa. Rabin rayuwarsa a kan wannan hanya ya ƙare ta, da safe ya tsallaka Holand, da hantsi ya dawo Beljiyam, har kan iyaka ta zame masa kamar dokin ƙofar ɗakinsa. Idan aka taso da zancen mutanen Holand a mashaya, ana cewa marowata ne masu ɗaga murya, sai Walter ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Harshenmu ɗaya, ruwan samanmu ɗaya. Bambancin kawai, kofinsu ya fi araha." Wannan ce magana mafi tsawo da aka san shi da ita, kuma a kanta ya zauna. Kofi, cuku, fenti, tayar keke, duk daga can yake kwaso su, yana jin daɗin ya yi wa wani wayo, ko da shi kansa bai san wa ba.

Maganar gidan kuwa matarsa ce take yi, tata da tasa. Godelieve ne sunanta, amma ban da limamin cocin da ya ɗaura musu aure babu mai kiranta haka, Lieve kowa yake cewa. Mace ce ƙarama mai bakin tsiya, wadda idan ta shiga wurin mai burodi sai layi ya tsaya a ji abin da za ta faɗa yau. Ta yi aikin buga tafireta a ofishin wani kamfanin buga katin karta tun tana budurwa har ta yi ritaya. A makarantar sistocin coci ta koya, inda ake rufe wa yarinya hannuwa da tsumma don kada ido ya taimaki yatsa, kuma ta fito da alfahari ɗaya da ba ta taɓa ajiyewa ba: ba ta duban madannai. Tana iya bugawa tana kallon taga, tana ba wa ta kusa da ita labarin surukar wani, kuma ba za ka sami kuskure a takardar ba. Takan ce wa Walter "tsohon jaki", shi kuma ya amsa da haɓa, haka suka yi zamansu lafiya suka haifi 'ya ɗaya, Katrien, wadda take aikin jinya a Gent.

Sai ciwon rawar jiki ya zo mata. Bai zo da gaggawa ba. Da farko cokali ne yake kaɗawa a kofi, daga baya rubutun hannunta ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kamar sahun tururuwa, ita kanta ba ta iya karantawa. Abin da ya fi cin rai shi ne murya. Muryar da take tsayar da layin burodi ta yi ta ja baya, ta koma raɗa, raɗar ma wani lokaci iska ce kawai take fita. Shi kuma Walter ƙugin injin bas ya riga ya cinye masa kunne. Waya ma ba ya jin ta sai ya buɗe lasifika har ƙarshe ya ajiye ta a kan teburin kicin, duk gidan yana ji. To, ga mai raɗa ga kurma a gida ɗaya. Za ta yi magana, ya sunkuyo ya ce, "Na'am?" ta sake, ya sake cewa, "Na'am?" a na uku sai ta kaɗa hannu, ma'ana bar shi. Wannan kaɗa hannun ya fi komai yi masa ciwo. Mutumin da bai taɓa damuwa da magana ba, sai ga shi yana zaune a falo yana jin yunwarta.

Likita ya faɗa musu abu biyu. Na farko, yatsunta har yanzu da sauransu, kuma wanda ya saba da bugawa yakan daɗe yana iya bugawa bayan alƙalami ya gagare shi. Na biyu, ya faɗe shi a hankali yana duban takalminsa, wani lokaci ciwon yakan haura zuwa kai, kalmomi su fara rikicewa. Walter na farkon ya ji. Lieve na biyun ta ji, ta adana shi.

A ƙarshen Nuwamba, lokacin da kantuna suke haukan rage farashi, Walter ya zauna da wayarsa da yatsansa guda mai kauri, ya nemo kwamfutar tafi-da-gidanka mai faɗin fuska. Ya ga irinta a wani kantin intanet na nan gida, ya ga ita ɗin dai a wani na Holand da ɗan sauƙi. Harshe ɗaya, hoto ɗaya, ba sai an faɗa maka wadda ya zaɓa ba. Kwali ya iso, bai ko yanke salatif ba, ya kai shi ɗakin ajiya a bayan gida ya ɓoye bayan gwangwanayen fenti. A gidan su Dockx tun zamanin kakansa ba a ba da kyauta sai ranar sabuwar shekara, bayan an yi sumba uku a kumatu an yi fatan lafiya, kuma Walter ba mutumin da zai karya wannan ba ne don wai akwai gaggawa. Wata guda yana wucewa ta gaban ɗakin yana murmushi shi kaɗai.

Ranar sabuwar shekara Katrien tana kan aiki, su biyu ne kawai. Ya sa rigarsa mai kwala, ya yi mata sumba uku, ya ajiye kwalin a gabanta. Da ta ga abin da ke ciki sai idonta ya kawo ruwa, ta raɗa wani abu da bai ji ba, amma daga yadda bakinta ya motsa ya san "tsohon jaki" ne. Ya kunna, suka yi ta fama har farin shafi ya buɗe. Lieve ta gyara zama, ta miƙe baya kamar yadda sistoci suka koya mata, ta ɗora yatsu, ta ɗaga kai ta dubi taga. Yatsun suka yi ɗan gudu, ƙarar da ya shekara bai ji ba a gidan. Sannan ta juyo ta dubi abin da ta rubuta.

Sunansa ta so ta fara da shi. Abin da ke kan shafin shi ne: Zqlter.

Ta goge, ta sake duban taga, ta sake bugawa a hankali. Zqlter. Ta ci gaba da layi guda, kalmomin suka fito wasu daidai, wasu da baƙin haruffa a tsakiyarsu kamar tsakuwa a shinkafa. Ba ta dubi ƙasa ba, don ba ta taɓa duba ba, kuma ta riga ta san amsar, likita ya faɗa. Ta sa hannu biyu ta rufe kwamfutar, ta ture ta gefe. Walter ya ce, "Gajiya ce, Lieve, gobe ki sake." Ta kaɗa masa hannu.

Ba ta sake ba. Kwanakin da suka biyo baya ko raɗar ma ta daina, don a ganinta wanda kansa ya fara rikicewa gara ya yi shiru kada ya ba da kunya. Walter bai taɓa buga komai a rayuwarsa ba sai tikitin fasinja, saboda haka shi ma ya gaskata. Yakan tsaya a kicin yana fere dankali yana kuka ba sauti, yana ganin da hannunsa ya sayo abin da ya nuna mata ƙarshenta.

Sai tsakiyar Janairu Katrien ta samu zuwa. Ta ji labari a kicin, ta je ta buɗe kwamfutar, ko kunna ta ba ta yi ba ta dafe goshi.

"Baba, daga ina ka sayo wannan?"

"Daga inda ta fi araha."

"Holand ke nan. Baba, zo ka gani. Nan ba wurin A ba ne? Su Q suke sawa. Nan wurin W, su Z ne. Madannansu ba irin namu ba ne, ko ɗan firamare ya sani."

"Harshenmu ɗaya fa," in ji Walter, muryarsa ta yi ƙasa.

"Harshe ɗaya, madannai biyu. Shekara nawa kana tsallaka iyakar nan, ba ka taɓa leƙa ofishinsu ba?"

Ta ɗauki kwamfutar ta kai wa uwarta, ta nuna mata harafi-harafi. "Mama, kanki lafiya lau. Yatsunki daidai suka je, haruffan ne ba sa gida." Lieve ta daɗe tana kallon madannan, karo na farko a rayuwarta. Ta gane, mace ce mai kai. Amma tsoro idan ya riga ya shiga ya shimfiɗa tabarma, bayani ba ya fitar da shi rana ɗaya. Katrien ta ce za ta juya tsarin haruffan daga cikin kwamfutar yanzun nan, ko kuma a sayo madannai na daban a cikin gari a jona, abu mai sauƙi. Lieve ta girgiza kai, ta jawo kunnen 'yarta ta raɗa. Katrien ta miƙe ta ce, "Wai ba za ta taɓa wannan ba. A mayar musu da kayansu, a kawo tamu, sannan ta gwada."

Walter ya ji daɗin wannan sharaɗi, don ya ba shi aikin yi. Ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara, kuma ba zai yi wa kyautar matarsa faci da waya tana reto ba. Abin da bai lura da shi ba, Lieve ma ta ji daɗin sharaɗin, don muddin ana jira ba za a ce ta gwada ba.

Washegari ya ajiye waya a teburin kicin, ya buɗe lasifika, ya kira kantin. Bayan kiɗa mai yawa wata yarinya ta ɗauka, ta ce sunanta Marloes, da fara'ar nan tasu ta Holand da take shiga kunne kamar ƙararrawar keke.

"Sannu Walter, me zan yi maka?"

Walter ya dubi wayar. Walter kai tsaye, kamar tare suka yi wasan ƙasa. Sannan ya yi bayani.

"Ayya, ban ji daɗi ba. Yaushe kayan suka iso hannunka?"

"Ranar sabuwar shekara aka buɗe."

"Ba buɗewa ba, isowa."

"Ƙarshen Nuwamba. Amma ko salatif ban yanke ba, tana bayan fenti."

"To ka ga, Walter, doka ta ba ka mako biyu daga ranar da kaya suka iso, ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba. Naka ya wuce tun kafin Kirsimeti."

"Yarinya, ta yaya zan san ba daidai ba ce alhali ban buɗe ba?"

"Shi ya sa ake ba da mako biyun, don a buɗe."

"Kyautar sabuwar shekara ce. Ku a can kuna buɗe kyauta kafin ranarta?"

"Mu tun farkon Disamba muke bayarwa," in ji Marloes, ba da mugunta ba, gaskiyarta take faɗa. Ta ƙara da cewa irin madannan a rubuce yake a shafin, can ƙasa, kuma za ta rubuta kokensa ta tura gaba, amma kada ya sa rai.

Ya sake kira bayan kwana biyu, ya sake a mako na gaba. Wani lokaci Marloes, wani lokaci wani saurayi mai tauna cingam, amsa dai ɗaya. Walter da ba ya haɗa jimla uku a rana, sai ga shi ya koyi dogon bayani, ya koyi cewa "ku haɗa ni da babbanku", ya koyi jiran kiɗa ba tare da ya zagi kowa ba. Lieve tana falo a kujerarta da bargo a gwiwa, tana jin komai ta ƙofa. Idan ya gama ya leƙo ya ce, "Sun ƙi," sai ta gyaɗa kai, fuskarta ta ɗan saki.

Da sanyi ya fara sauƙi ya sa hularsa, ya rungumi kwalin, ya hau bas a matsayin fasinja zuwa ofishin da ake ba masu sayayya shawara. Wani mutum mai furfura da tabarau ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba, abin da ya sa Walter ya fara sa rai. Sannan mutumin ya cire tabarau ya ce, "Malam Dockx, ƙofa biyu doka ta buɗe maka. Ta farko ta canza ra'ayi ce, mako biyu, ta rufe. Ta biyu garanti ne, shekara biyu, amma sai in kayan suna da aibi, ko ba su ne aka ce za a aiko ba."

"Suna da aibi mana. Matata ta rubuta sunana ya fito wani abu daban."

"Kwamfutar tana yin abin da aka ƙera ta ta yi. Abin da ka zaɓa shi suka aiko. Lafiyarta ƙalau."

"To in lafiyarta ƙalau, laifin wa ke nan?"

Mutumin ya mayar da tabaransa, ya gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ya ce kantin zai iya karɓa don kirki in ya ga dama, amma babu mai tilasta shi. Walter ya yi godiya, ya rungumi kwalinsa ya fito. A tasha ya zauna bas biyu suka wuce bai hau ba. Bai taɓa jin kansa ƙarami haka ba, ga shi da gaskiya a ganinsa, ga kowa yana ba shi haƙuri cikin ladabi, kuma babu ko mutum ɗaya da zai kama ya ce kai ne ka cuce ni.

A ranar ya sauke girman kai. Ya biya wani ɗan kanti kusa da kasuwa ya sayi madannai na daban, ya sa mai kantin ya nuna masa A da yatsa a inda take, ya kuma sa shi ya jona ya juya tsarin ya gwada a gabansa. Mai kantin ya buga Walter, Walter ya fito. Ya dawo gida da rana tsaka, ya share tebur, ya jera komai a gaban Lieve.

"Ga namu. Na Beljiyam, na gani da idona. Ki yi haƙuri da facin."

Ta dube shi, ta dubi madannan, ta ga babu sauran wurin ɓuya. Rabon da ta ɗora yatsa tun sabuwar shekara, kuma ciwon bai zauna jiran kantin Holand ba. Ta miƙe baya iyakar yadda bayan ya yarda, ta ɗora hannu, ta dubi taga. Yatsan hagu ya sauka ya ƙi tashi, ya yi ta rawa a wurin. Na dama ya zame. Ta daure ta kai ƙarshe, ta juyo.

Wwwaaazltt.

Ta sake. Wannan karon ya fi na farko muni. Haruffan suna gidajensu, babu wanda ya matsa, dukansu biyu sun ga haka. Hannuwanta suka koma kan bargo suna rawa, ba ta ko rufe kwamfutar ba.

Walter ya yi lissafi a ransa. Da ya ba ta a Nuwamba, da ya yarda da facin a Janairu, wataƙila da ta samu ta rubuta masa ko da zagi ne na wata biyu. Ya buɗe baki, abin da ya fito ba shi ya shirya ba.

"Ai na sani. Cikinta ne na Holand. Ko ka jona mata madannan kirki, can ciki ba ta jin namu. Mai kantin ma sai da ya faɗa." Ya zare wayar madannan daga jikin kwamfutar da ƙarfi kamar mai fushi. "Bar ni da su. Sai sun karɓi tsiyarsu."

Lieve ta ɗago ta dube shi, ba ta kaɗa hannu ba.

Daga nan kiran kantin ya zama kamar shan magani, duk bayan kwana biyu, bayan kofin safe. Yanzu ba ya roƙo, faɗa yake yi, yana ɗaga murya yadda za ta kai falo: kun sayar mini da kwamfutar da ba ta iya rubuta sunan mutum, matata ta shekara arba'in tana bugawa ba kuskure. Su ba shi haƙuri, ya kashe, ya leƙa ya ce, "Sun ƙi." Kwamfutar tana kan kabad a falo inda kowa zai gan ta, mai laifin gidan.

Wata safiya cikin Afrilu, yana wanke kofuna, wayar ta yi ƙara da kanta. Ya goge hannu, ya danna, lasifika a buɗe kamar kullum.

"Walter? Marloes ce. Yau da albishir na kira ka. Na yi ta tura maganarka har babbanmu ya karanta, ya ce a yi maka alfarma. Ka aiko da ita, mu aiko maka da sabuwa mai madannan Beljiyam, ciki da waje. Ko kuɗin aikawa ba za ka biya ba."

Walter ya tsaya da tsumma a hannu. Ya hango sabon kwali a kan tebur, an yanke salatif, A a wurinta, W a wurinta, ciki da waje, babu abin da za a ce da ita. Ya hango Lieve ta ɗora hannu ta dubi taga.

"Walter, kana ji na? Na ce mun yarda."

Ya share maƙogwaro, ya ɗaga murya. "To shi ke nan, ku riƙe dokarku. Mako biyu, mako biyu, ba ku da wata magana sai mako biyu."

"A'a, ba ka gane ba, cewa na yi..."

"Na gane sarai, yarinya. Allah ya ba ku ciniki." Ya sa yatsansa mai kauri ya kashe.

Ya daɗe a tsaye kafin ya iya zuwa ƙofar falo. Tana kujerarta, bargo a gwiwa, fuskarta tana fuskantar kicin, ƙofar kuwa a buɗe take tun safe. Ya dubi kabad, ya dubi ƙasa.

"Sun ƙi kuma," ya ce.

Lieve ta yafito shi da yatsa. Ya zo ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kai kunnensa mai ɗan dama-dama daidai bakinta. Ta tattara numfashi, ta dafa wuyansa da hannunta mai rawa, ta faɗa a hankali yadda ba sai ya ce na'am ba.

"Marowata."